Tambarin jirgin ƙasa na cikin gari: daga ina ake farawa?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu zane da masu aikin alluna. Aikin da ke gabana tambari ne na jirgin fasinja na cikin gari, irin na Abuja ko Blue Line ta Legas, layi biyu zuwa uku, tashoshi kamar ashirin. Za a sa shi a jikin tarago, saman ƙofar tasha, tikiti, katin biya, rigar ma'aikata da manhajar waya.

Zanen da ke hannuna yanzu: kan jirgi yana fuskantar mai kallo, layin dogo a ƙarƙashinsa, dagin Arewa a bayansa, sunan hukumar ya kewaye su, launi huɗu, wato kore, fari, ja da ruwan zinare mai haske yana dusashewa zuwa duhu. A allon kwamfuta ya yi kyau, amma da an rage shi zuwa girman tikiti sai ya dunƙule kamar ɗigon tawada. Me zan cire, me zan bari? Launi nawa ya dace? Wane fayil ake miƙa wa masu aiki a ƙarshe?

Malam Habu Mai Zane:

Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka zana hatimi ne, irin na saman takardar ofis, kuma aikin tambarin jirgi daban yake. Mutum yana cikin A Daidaita Sahu, ko yana tafe da kaya a ka cikin cunkoso, ya ɗaga ido daga nisan mita hamsin, yana buƙatar abu guda ya gaya masa ga tasha nan. Daƙiƙa ɗaya yake da ita, wata sa'a ma ba ta cika ba. Duk abin da ba ya taimaka wa wannan daƙiƙar, cire shi.

Fara da hoton jirgin. Taragai suna tsufa, ana sauya su, sai tambari ya rage yana nuna jirgin da babu shi. Kuma ka tuna za a manna shi a jikin jirgin kansa, to me hoton jirgi zai ƙara wa jirgi? Dubi waɗanda suka daɗe. Na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ya fara a 1908 a matsayin jan faifai da shuɗin sanda mai ɗauke da sunan tasha, daga baya Edward Johnston ya mayar da faifan zobe. Sama da shekara ɗari ke nan, babu jirgi a ciki. Na British Rail, wanda Gerry Barney ya zana aka fara aiki da shi a 1965, layuka biyu ne a kwance da kibiyoyi biyu, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Kamfanin ya watse tun shekarun 1990, amma har yau wannan alamar ce ke nuna tashar jirgi a allunan titi da taswirori a Birtaniya. Na Kanada, wanda Allan Fleming ya yi a 1960, haruffa biyu ne, C da N, da zare ɗaya mai kauri iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Na Jamus DB ne kawai cikin akwati, ja da fari.

Yadda zan ba ka shawarar bi:

Kashe kwamfuta tukuna. Ɗauki takarda da baƙin maka, ka yi ƙananan zane talatin zuwa hamsin, kowanne kada ya wuce santimita 2. Makan yana da kauri, ba zai bar ka ka sa ƙananan abubuwa ba, wannan shi ne amfaninsa. Zaɓi uku. Sai ka shigar da su CorelDraw ko Illustrator ko Inkscape a baƙi da fari zalla, launi sai a ƙarshe. Tambarin da bai tsaya da ƙafarsa a baƙi da fari ba, launi ba zai cece shi ba.

Ka gina shi a kan ma'auni guda. Misali ka ɗauki kaurin layinsa a matsayin awo ɗaya, tsayin tambarin gaba ɗaya awo takwas zuwa goma, kuma kada wani gibi tsakanin layuka biyu ya gaza awo ɗaya. Gibin ne ke fara cikewa idan an rage girma, tun kafin layin ya lalace. Akwai kuma gyaran ido da ma'auni ba ya bayarwa: da'ira tana bayyana ƙarama kusa da murabba'i mai tsayi ɗaya da ita, don haka a bar ta ta ɗan zarce da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, layin kwance kuma yana bayyana ya fi na tsaye kauri, sai a ɗan rage shi.

Abu mafi muhimmanci tunda ka ce layi biyu zuwa uku ne: ka zana siffa ɗaya da za ta iya sauya riga. Hukumar sufurin Landan haka take yi, zobe ɗaya ne, na Overground ruwan lemo, na Elizabeth line shunayya, na bas ja. Legas ma da launi take kiran layukanta, shuɗi daga Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, sai ja daga Agbado zuwa Oyingbo. Idan ka ƙulle tambarin uwa da launi huɗu, ina za ka samo launin layuka? Launi ɗaya mai ƙarfi da fari, shi ke nan. Ruwan zinaren nan mai dusashewa kuwa ka yafe shi gaba ɗaya.

Dagin Arewa ina son sa, amma yana jikin fadoji, ƙofofi, huluna, bankuna da ƙungiyoyi ba adadi. Wanda ya hango shi zai san Arewa ce, ba zai san tasha ba ce. Idan ran ka na kansa, ɗauko dabarar saƙarsa kawai, yadda zare ke bi ta saman wani ya nutse ta ƙarƙashin wani, ka yi layuka biyu masu gittawa da ita. Cikakken dagin ka ajiye shi don adon bangon tasha ko yadin kujeru.

Injiniya Na Rigasa:

Malam Habu ya gama da ɓangaren zane. Ni zan yi magana a kan abin da ke faruwa idan tambarin ya hau ƙarfe.

Na farko, jirgi ba shi da gaba da baya kamar mota. Jirgin cikin gari yana da ɗakin direba a kowane ƙarshe, ya je ya dawo ba tare da ya juya ba. Tambari mai kibiya ɗaya ko mai karkata gefe ɗaya don nuna gudu, rabin yini zai yi yana nuna inda jirgin ya baro. Kuma wanda ke gefen dama yana kallon gaba, na gefen hagu yana kallon baya. British Rail sun gamu da wannan a jiragen ruwansu na Sealink, sai da suka riƙa juya alamar a gefe ɗaya na bututun hayaƙi don kibiyar sama ta fuskanci goshin jirgin. Mafita: ko siffar da ba ta da alƙibla, ko kibiya biyu, ko ka rubuta a ƙa'ida tun yanzu wane gefe ake juyawa. Idan da haruffa a ciki, ba a juya shi sam.

Na biyu, ja da kore. A layin dogo waɗannan launukan sigina ne, ja tsaya, kore wuce, ruwan ɗorawa yi hattara. Fentin tambari a jikin tarago ba matsala, amma allo mai fitila ja ko kore a bakin dandamali, inda direba ke hangen sigina da dare, masu kula da lafiyar layi ba za su amince ba, kuma da gaskiyarsu. Ƙari a kan haka, masu matsalar bambance launi galibinsu ja da kore ne ke rikice musu, kuma maza sun fi yawa a ciki. Haɗa su biyun gefe da gefe ba tare da farin layi a tsakani ba kuskure ne ko a ina.

Na uku, wurin mannawa. Ka nemi zanen taragon daga kamfanin da ya ƙera kafin ka yanke girma. Ƙofofi suna zamewa, wasu suna shigewa cikin bango, wasu suna rufe bangon waje idan sun buɗe, to tambarin da ƙofa ke haɗiye rabinsa daidai lokacin da jirgi ya tsaya ba shi da amfani. Wasu taragan bakin ƙarfe ne mai tudu da kwari a ƙasan taga, siririn layi yana karyewa a kai. Nemi fili mai santsi tsakanin ƙofa da taga, ko sama da taga. Santimita 40 zuwa 60 ya wadatar a gefe. A goshi kuma kada ya taɓa fitila, lambar jirgi ko allon da ke nuna inda aka nufa.

Sitika iri biyu ce. Akwai wadda aka murza da nadi, mai kauri da araha, tana tsukewa a zafin rana, gefenta ya bar baƙin zobe na gam da ƙura. Akwai wadda aka zuba a ruwa ta bushe, siririya kamar maikuron 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, ita ce ke bin lanƙwasa da kan ƙusa ba ta ja da baya. Ta biyun ake sa wa jirgi, a rufe ta da leda mai tare hasken rana. A wanke wurin da sabulu, a goge da sifirit, kada a manna da tsakar rana ƙarfe na ƙuna. Kowace kusurwa mai tsini a zanenka wuri ne da burushin wanki zai kama ya ɗaga, saboda haka ka dulmuya kusurwoyin waje kaɗan, milimita 3 zuwa 5 a girman tarago.

Launi kuma kada ka ba mai fenti hoto a waya ka ce irin wannan. Ba shi lambar RAL, wato tsarin lambobin launin fenti da masana'antu ke bi. Jan jiragen Jamus RAL 3020 ne, shi ya sa duk wanda ya fesa iri ɗaya yake fitowa. Akwai RAL 5017 shuɗi, RAL 1023 ruwan ɗorawa, RAL 6024 kore. Zaɓi daga littafin RAL tukuna sannan ka nemo na Pantone da CMYK (lambobin launin ɗab'i) da RGB (na allon kwamfuta da waya) da suka fi kusa da shi, domin launukan fenti sun fi ƙaranci. Idan ka fara daga allo za ka zaɓi shuɗin da babu gwangwanin da ke ɗauke da shi. A ranarmu ja ya fi saurin koɗewa, ya koma kalar hoda. Ƙurar hunturu kuma jaja-jaja ce, tana kashe ruwan ƙasa, ruwan zinare da ruwan madara. Shuɗi mai duhu da fari sun fi jure duka biyun.

Oga Sale Alluna:

Injiniya ya kawo maganar babba, ga maganar ƙarami, don a nan zanen Ɗan Fagge ya faɗi.

Tikitin takarda da injin irin na POS ake buga shi. Ba shi da tawada, zafi ne ke ƙona takardar, ɗigo ko dai baƙi ko babu. Ɗigo takwas ne a milimita ɗaya. Takarda mai faɗin milimita 58 tana ɗaukar ɗigo 384 a layi, mai 80 kuma 576. Tambari mai faɗin santimita ɗaya da rabi ɗigo 120 ke nan kacal. Layin da bai kai ɗigo uku ba, idan kan injin ya fara tsufa ko batir ya yi sanyi, ɓacewa yake yi. Launi mai dusashewa kuwa injin yana mayar da shi yayyafin ɗigo kamar an watsa gero. Gwajin ba ya cin kuɗi: fitar da tambarin a baƙi da fari zalla, faɗin fiksel 120, ka buga a injin POS, ka ninke takardar ka sa a aljihu kwana biyu, sannan ka duba.

Sauran ƙananan wurare: alamar shafin intanet fiksel 16 da 32, alamar manhaja 512 a Google Play, 1024 a App Store, kuma wayoyi suna yanke gefenta zuwa da'ira ko murabba'i mai dulmuyayyen gefe, don haka ka tara komai a tsakiya. Riga da hula a injin monogiram, harafin da bai kai milimita 5 zuwa 6 ba zare yana cinye shi, layi kuma kada ya gaza milimita 1. Sunan hukuma da ya kewaye da'ira a aljihun riga ba mai karanta shi. Raba su: alama daban, suna daban, da tsari biyu na haɗa su, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Ƙasa da milimita 12, alama kaɗai.

Allon tasha. Lissafin da masu alluna ke bi da ka shi ne santimita ɗaya na tsayin harafi ga kowace mita biyu da rabi zuwa uku na nisa. Sunan tasha da ake so a karanta daga mita 50 yana son harafi kusan santimita 20, alamar kuma ta ninka haka sau uku ko huɗu a kan doguwar sanda a bakin titi. Akwatin fitila: firam na alminiyom, fuska akirilik fari mai milimita 3 zuwa 5, LED a ciki da tazara daga fuskar don kada ɗigon fitilun su fito. Kuskuren da aka fi yi shi ne manna sitikar da haske ba ya ratsawa. Da rana shuɗi ne kyakkyawa, da dare ya zama baƙi ƙirin. Akwai sitika ta musamman da haske ke bi, ita za ka rubuta a takardar aiki. Farin zane a kan duhu idan fitila ta kama yana kumbura a ido, gibi ya tsuke, shi ya sa ake yin kwafi na biyu da layukansa suka ɗan fi siranta don wannan aikin. Kuma kada ka manta da ɗauke wuta: allon ya karantu ko fitila ba ta ci.

Fleks dai a bar shi wa taron biki.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na cire jirgin, na cire zinaren. Saura abu ɗaya: in yi harafi, kamar M da ake gani a ƙasashe da yawa, ko alama zalla? Fasinjoji da dama ba sa karanta boko. Kuma ko a sa ajami?

Hajiya Mai Haruffa:

Ƙanena, a nan ni da Malam Habu za mu ɗan saɓa. Misalan da ya kawo na alama zalla sun yi aiki ne saboda an shekara hamsin, ɗari, ana ganin su a kowace kusurwa. Sabuwar alama ba ta nufin komai ranar farko. Harafi yana da fa'idar da alama ba ta da ita: ana iya faɗar sa. Fasinja zai ce wa mai Keke, sauke ni a wajen M ɗin nan. Wanda bai yi boko ba ma yana gane harafi guda a matsayin siffa, kamar yadda kowa ke gane alamar kamfanin waya ko ta banki ba tare da ya karanta ba. Sharaɗin kawai, alamar ta kasance tana da sunan da baki zai iya kira: zobe, kibiya, tauraro, harafi. Idan mutum goma suka kalle ta kowa ya kira ta da suna daban, ba ta nuna ba tukuna.

M daga kalmar metro ta fito, Paris da Moscow da Alƙahira duk suna amfani da ita, baƙo zai gane. Amma ba dole ba ce. Jamus U suke sawa fari cikin shuɗin murabba'i, Boston T cikin da'ira. Ka saurari abin da mutanen gari za su kira jirgin da bakinsu, harafin ya bi wannan sunan, kada ya bi dogon sunan hukuma da wata gwamnati za ta iya sauyawa. Saboda wannan dalilin ne ma zan ce ka nisanci haɗin launukan jam'iyyu. Kore, fari da ja da ka fara da su, duk ɗan Najeriya ya san tutar da suke tuna masa. Ka duba maƙwabtan allonka a titi kuma: ruwan ɗorawa na MTN ne da A Daidaita Sahu, ja na Airtel, kore na Glo.

Ajami wurinsa allon sunan tasha, ƙarƙashin boko ko gefensa, da girman da ya yi daidai da shi a ido. Kada ka cusa rubutu biyu cikin tambarin. A samu wanda ya iya rubutun ya duba wasulla, domin injin kwamfuta yana yawan raba haruffan ko ya jera su daga hagu idan manhajar ba ta saitu ba, kuma mai buga allon ba lallai ya lura ba.

Abin da ake yawan mantawa: salon haruffan boko da za ka zaɓa dole ya ƙunshi ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, da ƴ idan aikin zai shiga Nijar. Rubuta Ƙofar Nasarawa, Ɗorayi, Ɗanagundi ka gani. Salo da yawa masu tsada ba su da su, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko mai allo ya sa K ya wuce. Noto Sans yana da su duka, kyauta ne, lasisinsa ya yarda da aikin kasuwanci. Duba kuma cewa I babba, l ƙarama da lamba 1 ba su yi kama ba. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1, alama kuma aƙalla 3 zuwa 1. Akwai shafuka kyauta da ke auna wannan. Ruwan ɗorawa a kan fari ba ya tsallakewa.

Gwaji na ƙarshe a titi ake yin sa. Buga zaɓi ukun a A3, ka tsaya a tashar mota, ka nuna wa mutum ashirin zuwa talatin, maza da mata, tsoho da yaro, kowanne daƙiƙa biyu. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi don kara. Tambaye su me suka gani, me ya tuna musu, sannan ka ba wasu biro su zana shi da ka. Wanda aka fi iya zanawa shi ne naka.

Barista A.:

Kaɗan daga ɓangaren doka. Kafin a kashe kuɗin alluna a yi bincike a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya. A rabe-raben rajistar, sufuri aji na 39 ne. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14. Rajistar Najeriya ba ta aiki a Nijar. Can ta hannun OAPI ake bi, ƙungiyar rajistar alamun kasuwanci da haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, wanda ya kamata a tuna ga duk layin da zai tsallaka iyaka kamar na Kano zuwa Maraɗi. Kada a ɗauko gaggafa ko dawakan tambarin ƙasa a saka, doka ta taƙaita amfani da su. Miƙa haƙƙin mallakar zane kuma sai a rubuce. Yarjejeniyar ta faɗi ranar da haƙƙin zai koma hannun hukuma, wanda ya fi maka kyau ya zama bayan an gama biya, da ko kana da izinin nuna aikin a cikin ayyukanka.

Malam Habu Mai Zane:

Hajiya, na karɓi gyara a kan harafi, in dai ya zauna cikin siffa mai ƙarfi, da'ira ko murabba'i, don M tsirara a kan sanda tana iya zama ta kowane shago.

Ɗan Fagge, tambayarka ta fayil ba a amsa ba. Ka miƙa bekta, wato fayil ɗin da zanensa ba ya dushewa komai girman da aka ja shi: SVG, PDF, da CDR tunda yawancin masu buga alluna a nan Corel suke buɗewa, kuma ka ajiye shi a tsohon zubi don ya buɗu a kowace kwamfuta. Mayar da duk rubutu da layuka zuwa siffa kafin ka ajiye, in ba haka ba kaurin layi zai sauya idan an ja girman, salon haruffa kuma ya koma wani. Kwafi huɗu: mai launi, baƙi zalla, fari a kan duhu, da na ƙaramin girma mai faɗaɗɗen gibi. PNG marar bango don waya da intanet kawai. Sai ɗan littafin ƙa'ida, shafi goma zuwa goma sha biyu: lambobin launi iri huɗun nan (RAL, Pantone, CMYK da RGB), mafi ƙarancin girma, filin da za a bari babu komai a kewaye, kwata na tsayin tambarin ta kowane gefe, wurinsa a tarago da awo a milimita, da shafi guda na abubuwan da aka hana, a zana su ɓaro-ɓaro da jan gicciye a kai: miƙe shi, matse shi, sa masa inuwa, ɗora shi a kan hoto, liƙa hoton wani babba a gefensa. Wannan shafin ka buga shi daban, ka ba kowane ɗan kwangila kwafi tare da fayil ɗin.